Ɓeran Ɗakin Dudu

Bana fara ta yi albarka. Tun da aka gama yankan hatsi, sanyi ya fara sauka da asuba, babu ranar da amalanke ba ya wucewa ƙofar gidanmu da buhunanta, a nufi kasuwar Tasawa. Shekaranjiya matar ɗana ta sayo tiya guda ta soya a tsakar gida. Mai ya ji, albasa ta ji, ta matse lemun tsami, ta barbaɗe yaji. Ina zaune bakin ɗaki ina tsince wake ƙamshin ya iske ni, sai na ga hannuna ya tsaya cikin faifai.

Jikata Nana, wadda ke karatun lakwal a Maradi, ta zo hutu. Kafin ta sa hannu sai da ta ɗauki hoton kwanon da waya. Ta ce akwai wata ƙawarta a aji da ta ga irin hoton nan bara, ta yamutsa fuska ta ce ita ba ta cin ƙwaro.

"Kaka, ki ji fa. Wai ƙwaro! Fara ce ƙwaro?"

Na ce, "To mi ce ce, Nana? Tunkiya?"

Duk muka yi dariya. Na ce da matar ɗana ta ɗebe kwano guda ta rufe, kada ta cika mashi yaji, gobe kasuwa muna da baƙuwa. Ita ta san na wane ne, ba ta tambaya ba. Nana ce ta matsa sai na faɗa mata. Abin da na ba ta labari ke nan.

Shekarar ina amarya ce, ban haihu ba tukuna, muna ƙauyenmu na wajen Maijirgi. Gidan mu uku ne: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Inna mace ce mai murya. In ta yi magana a madafi, na bakin rijiya ya ji. Amma ban taɓa ganin baƙo ya fita gidanta da yunwa ba.

Damina ta fara da kyau. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, hatsi ya fidda kai, ya fara ɗaukar nono. Yara har sun fara leƙen zangarniyar da za su gasa tumu. Wata rana da hantsi muna gona sai rana ta dusashe kamar hadari ya taso daga arewa. Na ji daɗi, na ce ruwa ne. Inna ta kare ido da hannu ta duba, ta ce, "Wannan hadarin yana da ƙafafu."

Ƙarar ce ban manta ba. Kamar ana yayyafi kan busasshen ganye, ba tsayawa. Muka buga kwanoni, muka hura hayaƙi, muka yi ta gudu tsakanin kunya da kunya muna kaɗa zane. Fara ta sauka mana a ka, a baya, cikin wuyan riga. Da ta tashi, gona ta koma kara tsaye. Abin da muka yanka bai kai ƙugun rumbu ba.

Da yamma maigidana ya zauna bakin zaure ya yi tagumi. Inna ta fito da tsofaffin buhuna ta jefa gabansa.

"Tashi ka ɗinke mana waɗannan. Ta ci namu, mu ma sai mun ci ta."

Haka muka shiga kamun fara. Babban garken ya wuce, amma wadda ta rage cikin sabara da kalgo da karan gona ba ta da iyaka. Da an sallame sallar asuba mata ke fita, kowa da buhunta. A lokacin sanyi da raɓa sun danne ta, fiffikenta ya yi nauyi, tana manne da reshe kamar ƴaƴan itace. Ki shimfiɗa zane ƙarƙashi, ki girgiza, ta zubo. Yatsu su ƙage, ƙayar ƙafarta ta tsaga miki tafin hannu, ƙafarki ta jiƙe har gwiwa. Amma ana raha, ana tsokanar juna, wadda buhunta ya riga cika ta yi guɗa. Da rana ta ɗaga, jikinta ya yi ɗumi, shi ke nan sai gobe. Akwai wadda ba a taɓawa, farar tumfafiya mai zane-zane, ko kaza ba ta kallonta. Wadda kuma muka iske matacciya a ƙasa mu bar ta nan.

A gida tukunya na kan murhu tana tafasa da gishiri. Inna ta yi bisimilla ta juye buhu, ta rufe da sauri. In ta yi ja, a tsame, a shanya kan tabarmi da rufin ɗaki. Garin duk ya yi ja, ko'ina warinta. In ta bushe mu zauna mu fige fiffike da ƙafafu. Babu mai a shekarar, sai dai a toya ta cikin kasko haka nan. Mai ƙwai a ciki ita ke fidda nata man, ita ake wawa.

Ana cikin haka Fulaninmu suka iso. Na ce namu, domin tun kakanni su ke sauka gonarmu bayan kaka, shanunsu su ci kara su bar mana taki, mu ba su hatsi su ba mu nono. A shekarar babu kara mai kirki, babu hatsin bayarwa, shanun ma ƙasusuwa ne ke tafiya. Maigidansu Buba ya ce dole su nausa kudu neman ciyawa. Sai dai matarsa Dudu cikinta ya tsufa. A gidanmu ta sauka, ta haifi ɗiya mace ranar Litinin, aka sa mata Altine. Bayan suna Buba ya tsuguna gaban Inna ya ce tafiyar ta fi ƙarfin mai jego. Inna ta ce, "Je ka. Abin da muka ci, shi za ta ci." Ya bar mata akuya guda mai tatsa, ya bi shanunsa. Ba a jima ba maigidana shi ma ya tafi cin rani. Gida ya zama na mata uku da jaririya.

Dudu doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ni take kira Kaɗo, wato Bahaushiya, ni kuma in ce mata ƴar Fillo. Ranar da ta fara fitowa tsakar gida bayan wankan jego, maƙwabta sun taru muna fige fara. Wata ta miƙa mata cikin hannu. Dudu ta ja baya kamar an miƙa mata garwashi.

"Ni? Ɗiyar masu shanu? In ci abin da kaji ke tsattsaga? Ko yunwa za ta kashe ni, wannan ba ya shiga bakina."

Matan suka kwashe da dariya, har da masu tafawa. Wata ta ce, "Za mu gani, ƴar Fillo, rani na nan tafe." Maganar ta zagaya gari, a rijiya ma da ita ake gaishe ta.

Rani kuwa ya zo. Abincinmu ya koma kunu mai ruwa-ruwa sau ɗaya a yini, rabinsa dusa. Sai anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sai ganyen jiga. Mu da ke haɗawa da fara muna da ƙarfin zuwa rijiya da daka. Dudu kunun kaɗai take sha. Akuyarta ta ƙafe. Sai nononta ya fara janyewa.

Da farko Altine kuka take yi, ta kama ta saki, ta kama ta saki. Daga baya kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa. Daga baya ta daina, sai ido. Inna ta shafa maɗigarta ta ji ta faɗa ciki. Ta zagaya gari neman mai shayarwa, kowace ta nuna mata nata ɗan da ke rataye a ƙirji bai ƙoshi ba. Ni kuwa ba ni da abin ba ta. In ba nonon uwarta ya dawo ba, yarinyar nan ba za ta ga damina ba, kuma amana ce aka bar mana.

Inna ta fara da faɗa. Dudu ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Inna, mushe ne. Wa ya yanka ta?"

Inna ta juyo gare ni. "Au, nan ciwon yake? Rakiya, je ki roƙo mana Liman shi biyo in ya taso daga la'asar."

Liman ya zo ya zauna zaure, mu muna daga ciki. Tsoho ne mai son raha. Da ya ji tambayar ya yi dariya har rawaninsa na rawa.

"In sai an yanka fara ɗaya ɗaya, ai mahauci sai shi tsufa bai cika kwano ba. Fara halal ce, ɗiyata, ita da kifi ba a sa masu wuƙa. Mu a karatunmu, ki yi niyya, ki yi bisimilla, ki zuba ta ruwan zafi da ranta, yankanta ke nan. Wadda kika tsinta ta mutu da kanta, ki bar ta. Balle yanzu da masu feshi ke bi da magani."

Inna ta dubi Dudu. "Kin ji?"

Dudu ta ce, "Na ji, Malam. Halal ce. Amma wuyana bai karɓa."

Liman ya gyaɗa kai ya ce wannan kuma ba laifi ba ne. Ya ce ko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an taɓa ajiye mashi wani nama da ba a saba ci a ƙasarsu ba, bai ci ba, bai kuma hana masu ci ba.

Inna ta tafa hannu. "Haba Malam! Mun kira ka ka ɗinke, ka ƙara yagawa!"

Ranar kasuwa muka sami amalanken maƙwabci muka kai Altine likita a Maijirgi. Mai duba yara wata mata ce daga ƙasashen bakin teku, Kirista, kowa Madam yake ce mata. Hausarta a karkace, amma hannunta da sanyi. Ta duba yarinyar, ta duba uwar, ta ce maganin yana cikin tukunya, uwa ta ci abu mai gina jiki. Na ce abin da muke da shi fara ce, ita kuma ba ta ci. Madam ta ce fara ai ta fi wani naman. Ta ce su ma a littafinsu akwai wani annabi da ya zauna daji, abincinsa fara da zuma.

Don ta ƙarfafa wa Dudu zuciya, sai ta jawo wani gwangwani ta buɗe. Ta ce daga gida aka aiko mata, a garinsu sai babban baƙo ake ba. Na leƙa. Tsutsotsi ne busassu, baƙaƙe, kowace kamar ɗan yatsa, har da ɗan gashi. Ta jefa ɗaya baki tana taunawa da jin daɗi. Ta ce, "Rakiya, ke fara ci, ƙawarki ta gani."

Na karɓa don kunya. Na ɗaga hannu, hannun ya ƙi isa. Maƙogwarona ya rufe ruf. Ni da ke cin fara tun ina rarrafe! Na ce na gode, sai na je gida, na ƙulle ta a bakin zane.

Muna hawa amalanke, jaki ya fara tafiya, sai na ji kafaɗar Dudu na rawa jikin tawa. Na zaci kuka take. Ashe dariya ce, ta rufe baki da mayafi, har hawaye.

"Kwance mana, Kaɗo. Ci. Ai yana gina jiki."

"Ke ƴar Fillo, ki kiyaye ni."

"Ko in kira miki Liman?"

Tun da ta zo gidanmu ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Mai amalanke ya yi ta waiwayenmu. Tsutsar kuwa wata kazarmu mai faɗa, ita ta amfana da ita. Amma a hanyar nan na gane abin da muke ta tura Dudu ta yi. Ba taurin kai ba ne. Wuya ne ke rufewa.

Da muka dawo Inna ta ja ni madafi. Ta ce ta yanke shawara, za ta daka fara ta yi gari ta zuba cikin miya, Dudu ta ci ba ta sani ba. Ni amarya ce, ba na musu da Inna. Amma na tsuguna na ce, "Inna, in ta tsinci ƙafa guda a ciki fa? Ko kunun ba za ta ƙara karɓa daga hannunmu ba."

Inna ta dube ni. Ta ce, "To ke mi kika gani?"

Abin da na gani shi ne wannan. Kwanakin nan in ana toya fara, Dudu ta daina shigewa ɗaki. Sai ta tsaya inda iska ke kai ƙamshin, tana gyaran goyo, maƙogwaronta na motsi. Yunwa da tausayin ɗiya sun fara buɗe wuyan. Kuma tun zuwanta ban taɓa ganin ta sa abu a baki gaban mutum ba. Ko kunu, sai ta shiga ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Haka Fulani suke, cin abinci a idon mutane abin kunya ne gare su, balle a ce yunwa ta kama ka. Ga shi kuma ta yi rantsuwa gaban matan gari. Ko da tana so yanzu, ta ina za ta fara?

Da yamma na toya mai ƙwai zalla, na sa gishiri da ɗan barkono, na cika ƙwarya na rufe da faifai. Na yi sallama ɗakinta.

"Dudu, taimako na zo nema. Yaran maƙwabta sun gano inda muke ajiya, kullum sai sun ɗiba. Ɗakinki ne ba sa shiga. Kuma ke ba ci kike ba, wurinki ya fi aminci."

Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar. Ta ce, "Ajiye can nesa da ni."

Na ajiye kusa da gadonta, na fito na saki labule.

Da safe na je ɗauka. Tana kwance ta juya baya. Na fito da ƙwaryar tsakar gida, Inna ta ɗaga faifan. Ta ragu, ba da yawa ba, kamar cikin hannu. Gabana ya faɗi, don na san bakin Inna. In ta yi guɗa ko ta ce wani abu, an gama. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni. Sai ta buɗe murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Kai! Ɓera ya shiga mana ajiya! Wannan gida da ɓeraye marasa tsoron Allah!"

Na ce, "To Inna, a sauya mata wuri?"

"A sauya a kai ina? Ko'ina ɓera ne. Ƙara cika ta ki maida."

Haka muka zauna. Kullum in cika, kullum ta ragu, kullum Inna ta zagi ɓera. Yau cikin hannu, gobe rabi. Ba a daɗe ba ƙwarya ta fara dawowa a share. Ɓeran kuma mai tsabta ne, in an manta ƙafa ba a fige ba, sai ya tara su gefe ɗaya. Inna ta shiga yi mashi hidima tana mita. Ta samo ƙuli-ƙuli a bakin wani tsohon zanenta, ta daka da yaji, tana cewa bari ta ga ko zafi zai kore shi. Matan gari suka gane, don ba abin da ke ɓoyuwa a rijiya. Amma Inna ta bi su gida gida. Ban san abin da ta faɗa masu ba. Na dai san tsokanar ta tsaya, sai dai wata ta zo da ɗan ƙunshi ta ce, "Ga wannan, a ƙara ma ajiya."

Wata safiya ina shara na ji muryar Dudu daga bayan labule.

"Kaɗo."

"Na'am."

"Jiya na ji ɓeranku yana ta tari. Kamar barkonon ya yi mashi yawa."

Na riƙe tsintsiya da ƙarfi don kada dariya ta kuɓuce mani. Na ce, "To, za a rage."

Ranar da na san mun tsira, zafi ake yi na bazara, irin wanda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, tsuntsu ya buɗe baki a inuwa. Muna kwance ƙarƙashin rumfa ba mai motsi. Sai Altine ta tsala kuka, kuka na gaske mai cika gida. Dudu ta sa ta a nono. Muka ji tana haɗiya, ƙut, ƙut, har tana sarƙewa. Da ta saki, ga fari a gefen bakinta yana gangarowa. Inna ta tashi ta shiga madafi, wai hayaƙi ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Saura kaɗan maigidana ya ɓata komi. Ya dawo daga cin rani gab da faɗuwar ruwa, da ɗan buhun masara a ka. Washegari ya ji Inna na zagin ɓera kamar yadda ta saba. Sai ya fita. Da azahar sai ga shi da ƙunshin maganin ɓera daga kasuwa, yana murna.

"Inna, wahalarku ta ƙare. Rakiya, kawo ƙwaryar nan in barbaɗa a ciki. Gobe war haka sai dai a jawo shi ta wutsiya."

Ƙwarya na hannuna. Dudu na zaune bakin ɗakinta da Altine a cinya, ta ƙura wa ƙasa ido. Ni ba zan iya ce mashi a'a gaban mahaifiyarsa ba, gaskiyar kuma ba ta faɗuwa gaban Dudu. Na rungume ƙwaryar a ƙirji na tsaya kamar an dasa ni.

Inna ta fizge ƙunshin.

"Wa ya aike ka? Ɓeran nan baƙonmu ne. Kana can kana yawonka, da shi muka yi rani. Ba mai taɓa shi in ina da rai."

"Inna, ke fa kike zaginsa da safe."

"Ni na zage shi, ni na san shi. Je ka haƙa rami bayan gari ka binne wannan abu, ka wanke hannu da toka kafin ka shigo mani gida."

Ya tsaya baki buɗe. Ya dube ni, na dubi sama. Ya dubi Altine, da ya bari kamar ɗan tsako, yanzu ga kumatu ga damtse tana wasa da ƙafa. Ya dubi Dudu. A hankali fuskarsa ta sauya. Ya karɓi ƙunshin da yatsu biyu, ya nufi ƙofa, ya ce, "To. Allah shi ƙara ma ɓera lafiya."

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙamshin ƙasa. Muka fito muka tsaya cikinsa, har Inna. Bayan ya ɗauke, gina ta fito, garar nan mai fiffike, yara suna bi da kwanoni suna ihu. Dudu ta leƙa kwanon wani yaro ta ce, "Ku Haɓe, akwai abin da ke tashi sama da kuka bari?" Muka shuka masarar da maigidana ya kawo, da irin da Inna ta ɓoye cikin tulu. Ciyawa ta tsiro. Sai ga Buba da ragowar shanunsa. Ya ɗauki ɗiyarsa ya ji nauyinta. Ya tambayi Inna da mi ta riƙe masu rai. Inna ta ce, "Kunu, da ikon Allah." Dudu na gefe tana ɗaure kaya, ba ta ɗago ba.

Yau Inna ta daɗe da rasuwa, Allah shi jiƙanta, maigidana ma haka. Mun dawo Tasawa wurin ɗana. Farar da muka ci don babu, yanzu a leda ake ƙulla ta, ƴan birni na layi, manyan motoci na kai ta Najeriya, wani lokaci ta fi nama tsada. Altine ta zama uwar ƴaƴa, suna zaune wajen Korgom, tana kawo nono kasuwa. Ita kam a tsakiyar kasuwa take cin fararta, tana tsotsar yatsu. Amma ni da Dudu, duk shekarun nan, ba mu taɓa faɗin maganar da baki ba. Duk kaka takan zo, ni kuma in ba ta ajiya.

Na gama ba Nana labari na ja mata kunne. Ta rantse ba za ta ce komi ba.

Jiya da hantsi moto ya sauke Dudu ƙofar gida. Ta rankwafa, tana dogara sanda, amma wuyan nan na nan a miƙe. Muka gaisa, muka tambayi na gida da na daji. Na ɗauko kwanon na ce, "Ƴar Fillo, taimaka ki ajiye mani wannan a ɗakin baƙi. Jikokin nan ba su bar komi."

Nana na tsaye, bakinta na motsi. Ta kasa haƙuri.

"Goggo Dudu, ashe ke ce..."

Na taka mata ƙafa. Dudu ta juyo ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Ƴar nan, ni ɗiyar masu shanu ce. Ban taɓa cin ƙwaro ba."

Ta karɓi kwano ta shige, ta saki labule. Muka ci gaba da aikinmu, Nana ta cusa mayafi a baki. An jima, har na fara tunanin ko barci ya ɗauke ta. Sai ga ta ta fito, ta miƙo mani kwanon. Rabi ne ya tafi, ba duka ba kamar yadda aka saba.

"Kaɗo, har yanzu ba ku yi maganin ɓeran nan ba?"

"Ba mu yi ba. Ba kuma za mu yi ba."

Ta zauna kusa da ni kan tabarma, ta miƙe ƙafa, ta gyara mayafi.

"Ya tsufa," in ji ta. "Haƙoransa sun ƙare. Baɗi ki ce a daka mashi."